Shin duba ingancin kaya a masana'anta aikin 'yan kallo ne?

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Na kammala difloma a fannin injiniyancin injuna, kuma wata masana'anta mai ƙera kayan gyaran injuna ta ba ni aiki a sashen duba inganci. Abokaina suna cewa wanda bai iya sarrafa inji ba ne ake turawa can, ya wuni yana auna abin da wasu suka ƙera. In karɓa, ko in nemi a sauya mini sashe?
Daga wani mai karatu a Kaduna.

AMSA: Wa'alaikumus salam. Ka karɓi aikin, ɗan'uwa, domin abokanka sun raina abin da ba su sani ba. A irin wannan masana'anta ana awo ne da maikiron, wato kashi ɗaya cikin 1,000 na milimita, alhali kaurin silin gashin mutum yakan kai maikiron 70 ko kusa da haka. Zanen injiniya yakan ƙayyade iyakar ragi ko ƙarin da aka yarda da shi, kuma idan sandar ƙarfen da za ta shiga cikin boris ta haura wannan iyaka da 'yan maikiron kaɗan, ko dai ta ƙi shiga, ko ta shiga tana rawa har ta cinye boris ɗin tun kafin lokacinsa. Ido ba ya ganin wannan bambanci.

Abin da zai fara ba ka mamaki shi ne zafi. Ƙarfe mai tsawon mita ɗaya yana miƙewa da kusan maikiron 12 duk lokacin da zafinsa ya ƙaru da digiri ɗaya, shi ya sa tun 1931 aka amince a duniya cewa digiri 20 a ma'aunin Salshiyas ne mizanin awon tsayi. Saboda haka sanda mai kaurin milimita 100 da aka sauke daga inji da ɗuminta, in ta fi maikiromitarka, wato ma'aunin da kake auna kauri da shi, zafi da digiri 10, za ta nuna ƙarin kusan maikiron 12 wanda zai ɓace da zarar ta huce. Gogaggen mai duba inganci yakan ajiye ta ta huce, ya goge bakin ma'auninsa, kuma ba ya daɗewa da ma'aunin a tafin hannu don kada ɗumin jikinsa ya shige shi.

A ganina, mafi nauyin darasin wannan sana'a shi ne cewa ma'aunin kansa abin tuhuma ne. Madubin na'urar hangen nesa ta Hubble, wadda Amurka ta harba sararin samaniya a 1990, an goge shi da matuƙar ƙwarewa, amma bisa siffar da ba daidai ba, kuskuren da ya kai kimanin maikiron 2 a gefensa. Dalili kuwa, na'urar da aka dogara da ita wajen auna madubin an haɗa ta da kuskuren milimita 1.3. Wasu gwaje-gwajen sun nuna akwai matsala, amma aka yi watsi da su saboda an fi yarda da babbar na'urar, sai da 'yan sama jannati suka je gyara a Disambar 1993. Don kauce wa irin wannan ne ake gwada ma'aunan tsayi da tubalan awo na ƙarfe masu tabbataccen tsayi, waɗanda Carl Edvard Johansson, ɗan ƙasar Suwidin, ya ƙirƙiro, har kamfanin Ford ya ɗauke shi aiki a 1923.

Haka kuma aikin bai tsaya ga ware nagari daga lalatacce ba. Tun 1924 Walter Shewhart, wani masanin ƙididdiga ɗan Amurka, ya nuna cewa idan ana zana sakamakon awo a jadawali, za a ga inji yana karkacewa sannu a hankali tun kafin ya fara ɓata kaya. Wanda bai san yadda bakin wuƙar inji ke dakushewa ba, ba zai iya karanta wannan jadawali ba, don haka ka riƙa zama da masu sarrafa injin kana koyo daga gare su.

Sai dai ba zan ɓoye maka ɗacin aikin ba. Rana za ta zo da mota ke jiran lodi a ƙofa, manaja na matsa maka, kai kuma awonka ya ce kayan ba su cika ƙa'ida ba. Kafin ka sa hannu a takardar kama aiki, ka tambayi wane ne shugabanka kai tsaye, domin idan mai kula da yawan kayan da ake fitarwa shi ne kuma mai iko a kanka, tsayar da kaya zai yi maka wuya ƙwarai. Ka kuma nemi ganin takardun shaidar daidaita ma'aunansu, ka duba ranar da aka yi na ƙarshe.