Wayata Ta Ƙi Sauke Manhaja: In Gyara Ko In Sayi Sabuwa?

Saƙonnin da suka iso min wannan makon kusan bakinsu ɗaya. A ƙasar nan ta Saudiyya, wanda wayarsa ta ƙi karɓar manhaja ba hira kaɗai ya rasa ba, domin iƙama, wato takardar zama, da izinin shiga Rauda da ganin likita da tura kuɗi gida duk sun koma cikin waya. Na zaɓi guda huɗu daga ciki, na haɗa da wata gajeriya.

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ina zaune a Shari'a Mansur a Makka. Ina so in je Madina ziyara, an ce Rauda ba ta shiguwa sai da izini daga manhajar Nusuk. Jikata ta gwada sauke min, wayar ta ce babu wuri. Mun goge hotuna sun fi ɗari, ba ta canza ba. Yaron shago ya ce ta tsufa, in kawo riyal 700 ya ba ni wata. Samsung ce, shekararta uku a hannuna. In saya? Hajiya daga Makka.

Amsa: Wa alaikumus salam Hajiya. Riƙe kuɗinki tukuna. Wayar da ta ce babu wuri ba ta lalace ba, cika ta yi, kuma hotuna ɗari ba su ne suka cika ta ba. Hoton da aka turo ta WhatsApp ƙarami ne ƙwarai, bidiyo ɗaya na minti goma yana iya cin wurin hotuna ɗaruruwa.

Kwanan baya wata gwaggona ta miƙo min tata da irin wannan kukan. Muna zaune kan darduma bayan la'asar, na buɗe, sai ga WhatsApp kaɗai ya cinye kusan rabin wayar. Bidiyon kamun amarya na wata jikarta a Kano yana ciki har sau huɗu, domin guruf huɗu aka tura shi, kowanne kuma wayar ta ajiye. Ga wa'azozi masu tsawon awa guda, ga gaisuwar Juma'a mai furanni da ƙira'a ta shekara biyu cur. Tana ta cewa "kar ka taɓa min karatun Malam", na bar mata karatun, na share maimaicin. Kafin a kira magariba Nusuk ta sauka.

Ki ce wa jikarki ta shiga setin na WhatsApp, ta nemi sashen ma'ajiya da data, ta shiga wurin sarrafa ma'ajiya. A nan zai jero mata duk abin da ya wuce megabait 5 da abubuwan da aka yi ta turawa hannu zuwa hannu, daga babba zuwa ƙarami. Daga sama za ta fara. In ta gama, ta kashe saukar bidiyo kai tsaye, in ba haka ba kafin wata biyu kin koma gidan jiya. Ta kuma leƙa kwandon shara na ma'ajiyar hotuna, domin Samsung tana riƙe abin da aka goge har kwana 30 kafin ta zubar. Ina kyautata zaton hotuna ɗarin da kuka goge suna can zaune, shi ya sa ba ku ga canji ba.

Abu ɗaya da mutane ba su lura da shi: manhaja tana buƙatar wuri fiye da girman da aka rubuta mata, saboda wayar sai ta sauke ƙunshin, sannan ta warware shi. Ku samar da sarari kamar gigabait 2 kafin ku sake gwadawa. Kar kuma a ruɗe ki da katin mamori. Yana ɗaukar hotuna da bidiyo, hakan ma taimako ne, amma yawancin wayoyi ba sa yarda a ɗora manhaja a kansa.

Yaushe zan ce ki saya? Idan ma'ajiyar wayar gaba ɗaya gigabait 16 ce, to wahalar ba za ta ƙare ba, domin manhajar wayar kanta ta riga ta cinye babban kaso. In 32 ce, za ki lallaba. In 64 ce, yaron nan ciniki kawai yake nema.

Tambaya: Malam, ni direban gida ne a Jidda. Na sayi Huawei ta hannu a wajen wani, fes da ita, kyamara kamar madubi, kuma da araha. Da na zo gida na nemi Play Store sama da ƙasa babu. Wani ya ce in kawo ya yi mata filashin ya sa min, riyal 100. Ya kake gani?

Amsa: Ɗan'uwa, a nan kam ba zan ɓoye maka ba, an yi maka sayen kifi a ruwa. Wayarka ba ta da ciwon komai, haka aka ƙera ta. A watan Mayun 2019 gwamnatin Amurka ta saka kamfanin Huawei cikin jerin waɗanda aka hana kamfanonin Amurka hulɗa da su, Google kuwa na Amurka ne. Wayoyin da suka riga suka samu lasisi kafin lokacin, irin su P30, suna da Play Store har gobe. Waɗanda suka biyo baya, daga Mate 30 zuwa P40 da Nova 7i da ƙannensu, babu. Shi ya sa take araha a hannun masu sayar da ta hannu.

Riyal ɗarin nan kar ka bayar. Abin da masu filashin ke yi dabara ce ta bayan gida. Takan yi aiki na ɗan lokaci, ranar da wayar ta sabunta kanta sai komai ya watse, ko kuma saƙonni su daina shigowa a kan lokaci. Manhajar banki ma tana iya gane an taɓa wayar ta ƙi buɗewa.

Hanya biyu gare ka. Ta farko ka zauna da ita yadda take. Huawei tana da kasuwarta mai suna AppGallery, kuma manhajojin gwamnatin Saudiyya da dama suna ciki, har da Absher da Tawakkalna. WhatsApp kana iya sauke shi daga shafin kamfanin na ainihi, sai dai ajiyar hirarka ta Google Drive ba za ta dawo ba, YouTube kuma sai ta burauza. Ta biyu ka sayar ka cika kuɗi ka sayi wata. Kai da sana'arka ke kan titi, wanda Madam za ta turo wa wuri ta ce ka je ka ɗauko yara yanzu-yanzu, taswirar Google abincinka ce. Ni dai da ni ne, sayarwa zan yi. Amma ka faɗa wa mai saye gaskiya, kar ka yi masa abin da aka yi maka.

Kar ka haɗa ta da Honor. Sun rabu da Huawei a ƙarshen 2020, kuma wayoyinsu na kasuwar duniya tun daga Honor 50 sun dawo da Google.

Tambaya: Ni sabon ɗalibi ne a Jami'ar Musulunci ta Madina, na zo da wayata daga Zariya. Wasu manhajoji suna sauka lafiya, amma ta banki da ta wani kanti sun ce ba a samunsu a ƙasata. To ai ina Saudiyya, layina ma na STC ne.

Amsa: Malam, kai ka iso Madina, asusunka na Google yana Zariya. Play Store ba layi yake dubawa kawai ba, yana duba ƙasar da aka yi wa asusun rajista, wasu kamfanoni kuma suna taƙaita manhajarsu ga 'yan kasuwar Saudiyya.

Ana canzawa. Ka buɗe Play Store, ka taɓa hotonka a sama, ka shiga setin, ka nemi wurin ƙasa a ƙarƙashin bayanan asusu. Sharaɗin shi ne kana cikin ƙasar da gaske, kuma ka saka hanyar biyan kuɗi ta nan. Canjin yakan ɗauki har kwana biyu kafin ya zauna. Sai dai ka yi tunani kafin ka danna, domin Google ba ya barin a riƙa sauyawa yau da gobe, in ka canza sai ka jira tsawon lokaci. Kai kuwa za ka je hutu gida, kana kuma buƙatar manhajar bankinka na Najeriya.

Shawarata mafi sauƙi: ka bar tsohon asusun yadda yake, ka buɗe sabon Gmail a nan kana kan datar layinka na Saudiyya, ka ƙara shi a wayar. Waya ɗaya tana ɗaukar asusu biyu ba tare da rigima ba. In za ka sauke ta nan, ka koma sabon, in ta gida ce ka koma tsohon. Ka rubuta kalmar sirrin a littafi ka adana. In kana kunna VPN, kashe shi kafin duk wannan, domin shi ma yana sa wayar ta ce kana Jamus alhali kana Ƙuba.

Tambaya: Tawa ba ta ce komai ba, sai dai ta yi ta juyawa tana nuna fendin, wato tana jira, tun jiya. Wata 'yar'uwa daga Riyad.

Amsa: 'Yar'uwa, wannan ita ce mafi sauƙi, kar ki kai wa kowa. Fara duba kwanan wata da agogo. Saudiyya tana gaban Najeriya da Nijar da awa biyu, mutane da yawa in sun sauka sai su matsar da agogon da hannu, wani lokacin kuma batir ya mutu wayar ta farka a wata tsohuwar shekara. In kwanan watan bai yi daidai ba, wayar ba ta iya tantance takardun tsaron Google, sai ta tsaya cak. Ki sa agogon ya riƙa saita kansa daga layi.

In ba shi ba ne, duba setin na Play Store ko an ce kar ya sauke komai sai da waifai alhali kina kan data. In waifai ɗin otal ne ko na wurin aiki, wataƙila yana jiran ki buɗe burauza ki amince da shafinsu. Wani lokacin kuma manhajoji ashirin ne suka yi layi suna sabuntawa, taki tana can baya, sai ki dakatar da su. Na ƙarshe, shiga setin na waya, jerin manhajoji, Play Store, ki share tarkacen da ya tara, wanda ake kira kash, ki kashe wayar ki kunna. Wannan ba ya taɓa hotunanki ko lambobinki.

Masu iPhone, naku yakan zo ta wata fuska. In akwai bashin wata manhaja da katinku ya kasa biya, App Store yana hana sauke ko da ta kyauta ce har sai an gyara katin.

Tambaya: Malam, tunda tawa ta ce manhajar ba ta dace da wayata ba, abokin ɗakina ya ce zai turo min ita ta WhatsApp in ɗora kawai. Akwai matsala? In kuma saya zan yi, me zan duba? Mai aikin gini daga Jidda.

Amsa: Akwai matsala babba, kuma wannan ce ta fi tayar min da hankali a duk saƙonnin. Ɗan'uwa, abokinka ba mugu ba ne, amma shi ma bai san daga ina fayil ɗin ya fito ba. Ɓarayi suna ɗaukar manhaja ta gaske su cusa mata abin da ke karanta saƙonni, su sake ta tana yawo a guruf-guruf. A wayar nan lambar sirri ta Absher take shigowa, a nan ta banki take shigowa. Wanda ya karanta su yana iya yashe albashinka ko ya aikata wani abu da sunanka, kai kuma baƙo ne, ka san yadda wanke kai yake da wuya a ƙasar mutane. Manhajojin gwamnati irin su Absher, Nafath, Nusuk da duk wata manhajar kuɗi, daga kasuwar wayar kaɗai.

"Ba ta dace ba" kuwa yawanci nufinsa Android ɗin wayarka ya tsufa. Shiga setin ka gwada sabuntawa. In ta ce babu sabo, kamfanin ya daina kula da ita, kuma babu mai gyaran da zai iya mata komai. A nan sayen yana da hujja.

In ka tashi, ko Shari'a Falasɗin ka je inda shagunan waya suke jere, ko manyan kantuna irin su Jarir da Extra, ka nemi mai ma'ajiya gigabait 128, ƙwaƙwalwar aiki kuma kar ta gaza gigabait 4. Kyamara da launi su zo daga baya. Ka tambaya ko ta kasuwar Gabas ta Tsakiya ce, domin wadda aka yi don cikin Sin takan zo babu Google. Sabuwa tana da damani, wato garanti, na shekara biyu a ƙasar nan, amma da fatura, wato rasit, ake nemansa, don haka ka karɓa ka ɗauki hotonta, takardar takan goge.

In ta hannu ce, kar ka tashi daga gaban mai shagon sai ka yi abu uku. Ka sa a cire asusun tsohon mai ita a gabanka, domin in aka wanke wayar yana ciki, za ta kulle ta ce sai kalmar sirrinsa. Ka buɗe setin na Play Store, can ƙasa wurin bayani, ka ga an rubuta cewa na'urar tantacciya ce. Sannan ka saka naka asusun, ka sauke Absher da manhajar bankinka, ka buɗe su ka ga sun tashi. In ya ce sauri yake ko babu waifai, kunna datarka ka gwada. In ya hana, mayar masa da wayarsa ka shiga shago na gaba.