Amsa ga ɗan'uwan da gargada ta addabi hanyar ƙungiyarsu

Malam, sannu da ƙoƙari. Ka ce ƙungiyarku ta masu babur ɗin ƙanƙara a arewacin Minnesota ta damƙa maka wani yanki na hanya a wannan hunturun, gireda, wato motar da ke shafe dusar ƙanƙarar hanya, na bi ranar Juma'a amma kafin la'asar ɗin Asabar hanyar ta koma gargada, ana ta zaginku, ga kuma wani manomi da ya ce zai hana a bi ta gonarsa. Wallahi na san wannan ciwon. Duk wanda ya taɓa riƙe aikin nan ya san shi, kuma abin da ya fi zafi shi ne masu zagin galibinsu ko kuɗin rajistar ƙungiya ba su biya ba.

Da ƙarfe nawa giredar taku ke fita? Nan zan fara, don ina kyautata zaton nan matsalar take. In da yammacin Juma'a take fita, daidai lokacin da mutanen Minneapolis da St. Paul ke isowa da tirelolinsu, to dizal kawai kuke ƙonawa. Shi dirag, wato ƙarfen da gireda ke ja a bayanta, wuƙaƙensa suna yanke tudun gargadar, dusar ƙanƙarar tana birgima a gabansu tana farfashewa, iska na fita daga cikinta, sannan farantin da ke baya ya danne ta ya shafe. Amma a nan aikin bai ƙare ba. Dusar da aka motsa sai ta samu lokaci ƙwayoyinta sun manne da juna, kamar dai daɓen siminti da aka shafe yanzu: wanda ya taka kafin ya kama ya ɓata shi. Awa biyu shi ne mafi ƙaranci, shida ya fi, in an samu daren gaba ɗaya to madalla. Shi ya sa ake fita bayan ƙafa ta ɗauke, wajen goma na dare, a gama kafin asuba lokacin da sanyi ya fi kamawa. Babur goma a kan hanyar da ba ta kama ba sun isa su mayar da ita yadda take jiya.

Sai gudu. Mil 5 zuwa 7 a awa, kada ya wuce. Direba in ya ga zangon da ke gabansa mil 40 ne, sai ya taka ya kai 10 ko 12 don ya samu ya runtsa kafin ya tafi wurin aikinsa da safe, ba kuma zan ga laifinsa ba tunda ba biyansa ake yi ba. To amma da wannan gudun dirag tsalle yake yi, shi da kansa yake shuka sabuwar gargada ƙanana ƙanana, dusar kuma tana fallatsa gefe maimakon ta birgima a ciki. Lissafin a fili yake: mil 40 a kan gudun mil 6 kusan awa bakwai ke nan. In babu mai iya wannan zaman, ku raba zangon gida biyu, ko ku nemi direba na biyu.

Abu na uku da ake yawan kuskurewa shi ne zurfin yanka. In wuƙa ta share kan tudun kawai ta zuba a cikin kwarin, da ido za ka ga hanya sumul, har a ɗauki hoto a sa a Facebook. Alhali a ƙarƙashi tudun yana nan da taurinsa, kwarin kuma cike yake da dusa mai laushi. Bel ɗin da babur na farko ke tafiya a kansa zai kwashe mai laushin, gargadar ta dawo daidai inda take. Sai an yanka har gindin kwarin. Amma fa a kula, kada wuƙa ta kai ga ƙasa. Da zarar baƙar ƙasa ta gauraya da dusa, rana na fitowa wurin zai fara narkewa, ga duwatsu da kututture masu karya wuƙa. In dusar ba ta da kauri, a ɗage wuƙaƙen a bar faranti kaɗai ya danne, a haƙura da gargadar har a samu sabon zubi. Ka lura da inda take fara fitowa: bayan mararraba da titin mota, wurin fita daga kwana, da gindin hawa, wato duk inda mutane ke murɗa wuta. A kwana kuma babura suna watsa dusar waje su bar ƙanƙara tsirara a ciki, to direba ya sa wuƙar gaban gireda ya jawo ta ya mayar. Kuma kada ya ja birki a tsakiyar hanya da dirag cike, tulin da zai bari nan zai daskare ya zama tudun da zai iya kayar da mutum. A hankali ake ɗagawa ana tafe.

Yanayi ma da nasa. Tsakanin digiri 5 da 20 ƙasa da sifili a ma'aunin Selshiyas aikin ya fi kyau. In an haura sifili dusar tana jiƙewa ta dunƙule a cikin dirag. In sanyi ya kai wajen 30 ƙasa da sifili kuwa, bushewa take yi ta ƙi kamawa, ga tiyon haidirolik na fashewa, ƙarfe na tsagewa. Irin wannan daren gara a bar gireda a gareji.

Yanzu maganar manomi, wadda ita ce ta sa na kasa wuce tambayarka. Ka bar gargada tukuna, gargada ana gyara ta cikin dare ɗaya. Gonar da aka rufe kuwa sai a shekara biyar ana bin mai ita da ban haƙuri. Jihar nan tana da hanyar babur kusan mil 22,000, fiye da 21,000 daga ciki 'yan sa kai na ƙungiyoyi ke kula da su, kuma da yawa a filayen mutane suke ratsawa. Aro ne. Mutum ya ba ku ƙasarsa kyauta, ko sisi ba ya samu, sai ga wasu marasa kunya sun ga fili fari fat babu sawun kowa, sun bar turakun da aka kafa musu sun faɗa tsakiyar gona suna zagaye. Su a ganinsu dusa ce kawai. Ba su san a ƙarƙashinta akwai alfalfa, ciyawar da ake nomawa don dabbobi, ko alkamar hunturu ba. Dusar da ba a taka ba ita ke rufe saiwar ta kare ta daga sanyi. Da an danne ta sanyi ya ratsa, wani wurin ma ƙanƙara ta shimfiɗu ta shaƙe shukar. Sai watan Mayu ya zo, gona ta yi kore shar, ga layuka jajaye na matacciyar ciyawa sun kanannaɗe a tsakiya daidai inda suka yi wasansu. Su kuwa suna can birni sun manta. Mai gona ba sunansu ya sani ba, sunan ƙungiyarku ne a jikin allo. Haka suke yi wa masu dashen ƙananan itatuwan fayin, su sare musu kai ba su ma san sun taka ba. Ga masu canza salansa su sa mai ƙara, su wuce ta bayan ɗakin kwanan dattijo ƙarfe biyun dare. Ga masu buɗe ƙofar shinge su bar ta a buɗe alhali da shanu a ciki. Ga gwangwanaye da za su fito bayan narkewa su shiga injin yankan ciyawa. Sannan irin waɗannan ne za su fara rubuta cewa ƙungiya ba ta aiki. Haba! Rabin mil ɗaya in aka rufe, sai ya raba gari da gari, a koma bin lambatun gefen titi cikin gishiri da tsakuwa da kwalbatoci. Allah ya shirye su, amma ni dai ban ga ranar da allo kaɗai ya hana irinsu ba.

To abin yi. Kada ka buga masa waya, kada ka tura saƙo. Ku je ku biyu, ka ɗauki dattijon ƙungiya wanda ya san shi, ku bar shi ya amayar da duk abin da ke cikinsa. Kada ka ce ai ba 'yan ƙungiyarmu ba ne, ya sani, kuma ba abin da ya dame shi ke nan ba. Ku tambaye shi inda yake so hanyar ta bi. Da yawa za su yarda in aka mayar da ita gefen gona ko bakin shinge maimakon ta tsaga tsakiya. Ku kafa turaku ta ɓangarori biyu, kusa da kusa yadda fitilar babur za ta kama na gaba tun kafin a wuce na baya, da abin ƙyalli a kansu. Wurin da aka saba ɓallewa a ja ragar roba mai launin ruwan lemo. Ku nuna masa takardar inshorar ƙungiya, ku kuma tuna masa dokar jiha tana ba da kariya ga mai filin da ya bari a yi amfani da shi don shaƙatawa ba tare da karɓar kuɗi ba, don da yawa tsoron ƙara ne ke ransu ba sa faɗa. Izinin ya kasance a rubuce, da taswira, da kwanan wata: 1 ga Disamba zuwa ƙarshen Maris. Wanda aka kama a gona a ɗauki lambar rajistarsa a miƙa wa jami'an DNR, hukumar jiha mai kula da albarkatun ƙasa, babu zancen ɗan wane ne. In bazara ta yi ku cire turakun kafin ya shiga da tarakta, ku tsince shara. Kuma liyafar da ake yi wa masu filaye sau ɗaya a shekara, kada ma'aji ya ce babu kuɗinta.

Wani ɓangare na wahalarka kuma tun kaka aka shuka shi, ba a fafe gora ranar tafiya. Satumba da Oktoba ake sassabe, a datse rassa har ƙafa 10 zuwa 12 sama, saboda dusa tana ɗaga hanya tana kuma danno reshe ƙasa, shi ne ke fasa gilashin gireda. Kututture a yanke shi daidai da ƙasa, a duba kwalbati da katakon gada, a duba inda biba, dabbar nan mai datse ruwa, ta mayar da hanya kududdufi. Turaku a kafa kafin ƙasa ta daskare, in ba haka ba sai da injin huda. A gama kafin farkon Nuwamba, don da an buɗe farautar barewa masu filaye ba sa son ganin kowa a dajinsu. Fadama kuwa, da zubin farko a bi ta da babura marasa nauyi a danne, a sake dannewa, don sanyi ya samu shiga. In aka bar dusa ta kwanta a kai, ƙasan ba zai daskare ba ko da Janairu ne, gireda mai tan da yawa ta nutse har ƙofa. A huda a auna kafin a shigar da ita. A tafki, abin da DNR ke faɗa shi ne inci 5 zuwa 7 na sabuwar ƙanƙara garau don babur ɗaya, farar ƙanƙara kuma a ninka. Wannan na babur ne. Kada wani ya ɗauki lissafin ya hau da gireda.

Da yake na ambaci DNR, ka matsa wa direbobi su riƙa cika takardar aiki duk fita: kwanan wata, awa, mil, da zangon da aka bi. Tallafin jiha da ake bayarwa tun 1973 ta hannun ƙaramar hukumar da ta tsaya muku yake zuwa, kashi kashi, kuma kowane kashi sai an tabbatar an yi aikin. Ku ajiye wani abu a gefe ma. Hunturun 2023 zuwa 2024 kowa ya gani, dusa ta ƙi zuwa, amma bashin gireda da inshora ba su jira kowa ba.

Af, tunda sabon shiga ne kai: za su gayyace ka tarukan tara kuɗi, irin su cacar cin kyautar nama a mashaya da zagayen babura ana karɓar katin karta na caca. Ba dole ba ne, kuma ba su ɗaukar abin da zafi in ka ce addininka bai yarda ba. Ka ce a sa ka a ajin koya wa yara tuƙi, kullum hannu suke nema. Duk wanda aka haifa bayan 31 ga Disamba 1976 sai da takardar shaidar wannan horo zai tuƙa babur ɗin, kai ma ka duba taka.

Ita giredar, a zuba mata dizal na hunturu mai lamba 1, don na bazara kauri yake yi ya toshe filta a tsakiyar daji. Filta ta biyu ta zauna a ciki tare da tiyo, man haidirolik, kusoshin dirag, sarƙa, shebur da zarton inji. A jona hitar injin da wuta kafin fita, a bar mai ya yi ɗumi kafin a fara ɗaga wuƙa. Fitilar sama mai walƙiya a kunne ko da yaushe. Direba ya faɗa wa wani zangon da zai bi da lokacin dawowarsa, wurare da yawa a can babu sabis. In an dawo a kwashe dusar da ta maƙale a dirag tun ba ta daskare ba.

Ka turo mana hoton dirag ɗin naku ta baya da ta gefe, da hoton hanyar da sassafe kafin kowa ya hau. In akwai ƙananan layuka a jere a sawun faranti, gudu ne. In sumul take amma takalmi na nutsewa a wuri ɗaya yana tsayawa a wani, yankan ne bai kai ba. Manomin kuma ku je masa kafin Asabar ɗin nan.