Me ya sa lissafin tsagewar ƙarfe ya bar diribatif ya koma intagiral?

Tambaya: Malam, ni ɗalibin injiniya ne. Na ji ana cewa tsohon lissafin juriyar ƙarfe da kankare ba ya iya bayyana tsagewa, sai an ɗauko wani sabo, feridainamiks. A ina tsohon ya gaza? Sabon kuma lissafi ne na gaske, ko dabarar kwamfuta ce kawai?

Amsa: Tsohon lissafin, wanda Navier da Cauchy suka aza harsashinsa a Faransa a shekarun 1820, ya ɗauka cewa kowane ɗigo a cikin abu maƙwabcinsa na jiki da jiki kaɗai yake ji. Shi ya sa aka gina shi a kan diribatif, wato ma'aunin yadda abu ke canjawa daga ɗigo zuwa na jikinsa, shi kuwa diribatif sai inda abu ya tafi sumul. Da tsaga ta buɗe, babu shi a wurin. A bakin tsagar ma lissafin yakan ba da matsi marar iyaka, wanda babu ƙarfen da ya taɓa ɗaukar irinsa.

Wani masanin injiniya, Eringen, ya yi aiki a kan mu'amala daga nesa tun shekarun 1970, amma Stewart Silling na ɗakin binciken Sandia a Amurka ne ya cire diribatif na wuri gaba ɗaya a 2000. A tsarinsa, wato feridainamiks, ɗigo x yana jan duk ɗigon da ke cikin tazara δ daga gare shi, sai a tara waɗannan ja-in-ja da intagiral, wato lissafin da ke haɗa ƙananan ɓangarori ya ba da jimillarsu.

Gwada da biro a kan layi ɗaya. A ce u(x) shi ne yadda ɗigo x ya gusa daga mazauninsa. Ɗauki u(x+s) − u(x), yi intagiral a kan s daga −δ zuwa δ, ninka da 3/δ³. Faɗaɗa da jerin Taylor, wato ka rubuta u(x+s) da diribatif ɗin u a x, za ka samu u″(x), diribatif na biyu, sai ragowar da ta fara da δ²/20 sau diribatif na huɗu. Wato idan δ ya tsuke zuwa sifili, tsohon lissafin ya dawo. Idan kuma u ya yi tsalle, intagiral ɗin bai damu ba, yana nan da ma'anarsa. Lissafi ne sosai, kuma masanin lissafi Qiang Du da abokan aikinsa sun kafa hujjojin samuwar amsa da komawarta ga tsohuwar amsar idan δ ya tsuke.

Amma akwai farashi. Ƙa'idar iyaka, wato sharaɗin da ake gindayawa a gefen abu, ba ta tsayawa a kan fatar abu, dole ka shimfiɗa ta a kan yanki mai kaurin δ. Sigar farko, mai haɗa ɗigo bibbiyu, tana ɗaure rabon Poisson, wato gwargwadon yadda abu ke sirancewa idan an ja shi, a 1/4 a abu mai tsawo, faɗi da kauri, ko kana so ko ba ka so. Sigar 2007 ce ta kwance wannan.

Inda ɗalibai suka fi zamewa shi ne kwamfuta. An saba sa δ ya zama ninki uku na tazarar ɗigogin da kwamfuta ke raba abin da su. Idan ka riƙa rage su biyun tare a kan wannan rabon, wasu hanyoyin ƙididdiga sukan kai ka ga amsa mai kyan gani wadda ba daidai ba ce. Don haka kafin ka sa tsaga, fara gwada manhajarka a kan sandar ƙarfe lafiyayya wadda ka san amsarta da hannu.