Zuwa kallon ƙwallo a babban fili: tikitin wane ɓangare, wace ƙofa?

Wani mai karatu daga Jekadafari a Gombe ya rubuto cewa yana son bin Gombe United zuwa Bauchi duk ranar da jadawali ya haɗa ta da Wikki Tourists. Yana tambaya: tikitin rumfa zai saya ko na ɓangaren rana mai arha, kuma ya sa rigar ƙungiyarsa?

Malam, sayi na rumfa. Wasannin gida galibi ƙarfe 4 na yamma ake take su, lokacin da rana ta karkata yamma. Duk wanda ya zauna a ɓangaren gabas, ita zai yi ta kallo har a tafi hutun rabin lokaci, kuma a watan Maris ko Afrilu wannan ba ƙaramar azaba ba ce. Ban da inuwa, jami'an tsaro sun fi yawa a ɓangaren rumfa, kai kuwa baƙo ne. Rarar kuɗin da za ka yi a ɓangaren rana ba ta kai kwanciyar hankalinka ba.

A tagar sayarwa za ka karɓi tikitin. Masu tare mutum a bakin titi suna cewa "ga shi ba layi", wani lokaci na wasan da ya wuce ne suke miƙa maka, sai ka kai ƙofa a mayar da kai. Idan an yage, riƙe guntun har ka fita.

Batun riga: in kuna da yawa kuma an ware muku wuri, sa abarka. In kai kaɗai ne, ɗora wata a kai, kuma ranar da ƙungiyarka ta zura ƙwallo a tsakiyar 'yan gida, yi murnarka a ciki.

Tsakanin Gombe da Bauchi kusan kilomita 150 ne ta Alkaleri. Bar gida kafin ƙarfe 10 na safe, ka ci abinci a gari, ka shiga filin Abubakar Tafawa Balewa wajen ƙarfe 3. Je da alwalarka, domin La'asar na shiga ne daidai lokacin da layin ƙofa ya fi tsawo. Ana tashi dab da Magariba, don haka ko dai ku yi shatar mota ta jira ku, ko ka nemi wurin kwana. Neman mota a tasha bayan Isha'i wahala ce.

Wata baiwar Allah daga Yelwa a Bauchi kuma ta ce maigidanta zai kai ɗansu mai shekara 8 kallo, ita kuma gabanta na faɗuwa.

Hajiya, filin nan ya karɓi gasar matasa ta duniya a 1999 da ta 'yan ƙasa da shekara 17 a 2009, ba baƙon taro ba ne. Inda ake jin ciwo shi ne ƙofa, a lokuta biyu: mintunan ƙarshe kafin a take wasa, da bayan usur na ƙarshe, sa'ad da dubban mutane ke neman fita ta 'yar hanya guda. Su shiga da wuri, su zauna kusa da matakala amma ba a layin ƙasa da ke jikin shinge ba, domin nan ake dannawa idan an fusata da alƙalin wasa. Bayan an tashi su ƙara minti 15 a zaune.

A rubuta lambar wayar uban a takarda a sa wa yaron a aljihu, saboda layin waya kan cushe a cikin taro. A sa masa takalmi mai igiya, silifas na fita a cunkoso. In turmutsitsi ya rutsa da su, uban ya ɗauke shi a kafaɗa, kada ya sunkuya ɗaukar komai, ya riƙa zamewa gefe maimakon tunkarar jama'a. In an harba barkonon tsohuwa, a nufi inda iska ke fitowa, a wanke ido da ruwa, ban da murzawa. Wasan hamayya mai zafi dai a bar shi sai ya ƙara girma.

Mai karatu na ƙarshe ya tambayi me zai riƙe in zai je fili. Canjin kuɗi ƙanana, hula, da waya a aljihun gaba, don 'yan sane sun fi son lokacin da aka ci ƙwallo kowa ya ɗaga hannu. Kwalba akan ƙwace ta a ƙofa, ruwan leda ya ishe ka. Babur kuma a bar shi a hannun mai gadin da ke ba da lamba.