Amsa: Liyafar gida irin ta 'yan Meziko

'Yar'uwa, kin tambayi abin da za ki dafa a liyafar gida irin ta 'yan Meziko. Tunda mutum 15 za ki ciyar, ki tsaya a kan taco, wato nama da kayan haɗi da ake naɗewa a cikin tortilla (siririyar gurasarsu), kowa ya haɗa nasa. Ki ware wa kowane baƙo uku, tortilla 45 ke nan, da niƙaƙƙen naman sa kilo 2.

Kada ki murza tortilla da garin tuwon masara, farfashewa za ta yi, domin 'yan Meziko sai sun dafa masarar da ruwan farar ƙasa kafin niƙa. Ki yi da fulawa, kina gasawa kina rufewa da tsumma mai tsabta kada su bushe.

Guacamole kuwa, wato kwaɗon fiya (avocado) da ake ci da taco, sai ana dab da ci za ki dame fiyar da lemon tsami, albasa da gishiri, in ta sha iska duhu take yi. Abin sha ba wuya, zobo mai sanyi ya wadatar, 'yan Meziko ma suna shan sa.