Tambayi Likita: Idan Ciwon Bakkale Ya Taɓa Ƙwaƙwalwa

Likita, ƙanena mahauci ne. Wata uku ke nan zazzaɓi na zuwa yana tafiya, da dare gumi ya jiƙa masa zanin gado sharkaf. An yi maganin maleriya da taifot, shiru. Yanzu ga ciwon kai, kunne ɗaya kuma ya daina ji.

Allah ya ba shi lafiya, Malam. Sana'arsa ce ta fara ɗaukar hankalina. Akwai ƙwayar cuta mai suna Brucella da ke sa shanu, awaki da tumaki yin ɓari, makiyaya na kiran ciwon bakkale. Tana shiga jikin mutum idan ya taɓa jini ko mabiyiyar dabba da hannu mai ciwo, ko ya sha ɗanyar madara. A jikin mutane ƙalilan takan kai ga ƙwaƙwalwa da laka, kuma jijiyar ji na cikin waɗanda ta fi kamawa.

Ku kai shi babban asibiti, ku faɗa da bakinku cewa a kwata yake aiki, don mu likitoci ba kullum muke tunawa mu tambaya ba. Za a yi gwajin jini irin su Rose Bengal, a kuma ɗebi ruwan ƙashin baya. Kada ku ƙi wannan, domin ciwon yana kama da sanƙarau na tarin fuka, maganinsu kuwa daban. Kunnen nan shi ya sa nake cewa ku hanzarta: jin da ya daɗe da tafiya ba lallai ya dawo ba.

Likita, ni kuma an tabbatar maigidana na da ciwon bakkale. Ya samu sauƙi bayan sati biyar, amma fitsarinsa ya koma ja. Ya kamata ya daina maganin?

A'a, Hajiya. Jan fitsarin aikin maganin rifampicin ne, ba jini ba ne. Bakkalen da bai taɓa ƙwaƙwalwa ba galibi sati 6 ake yi ana shan magani. Wanda ya taɓa kuwa, ana haɗa doxycycline da rifampicin da allurar ceftriaxone a makonnin farko, ƙwayoyin maganin su ci gaba aƙalla wata 3, sau da yawa har 6. Ƙwayar cutar tana ɓuya ne cikin ƙwayoyin halittar jiki, an tsaya da wuri sai ta dawo. Idan idonsa ya yi ɗorawa ko amai ya matsa, ku koma asibiti a ranar.

To mu daina shan fura da nono ke nan?

Ko kusa. A tafasa madarar kafin a kwantar da ita, tsami kaɗai ba abin dogaro ba ne. Haka madarar raƙumi.