Inshorar Tafiya Hutu Zanzibar

Tambaya: Malam, na sayar da riɗin bana, ina son kai maiɗakina hutu tsibirin Zanzibar. Wace inshora zan yanka? Daga mai karatu a ƙauyen Maigatari.

Amsa: Alhaji, Allah ya sa albarka. Tun 1 ga Oktoban 2024 hukumomin Zanzibar suka wajabta wa baƙi inshorar kamfaninsu, dala 44 kan kowane babba, saboda haka wannan ba ta da makawa. In za ka ƙara wata, ka tabbata tana biyan kuɗin ɗaukar majinyaci ta jirgi zuwa babban asibiti, domin a nan aljihu ke jin jiki, kuma kada ka ɓoye hawan jini ko ciwon suga wajen cike fom, don da irin wannan ɓoyon ne kamfani ke fakewa ya ƙi biya.